Layi Biyun da Na Cire Daga Ƙarar Baba

Ni ce na rubuta wa Baba takardar ƙararsa. Sau uku na rubuta ta, ta ukun aka karɓa. A lokacin ina koyarwa a wata lakol a Cadawa, ina goyon ɗiyata ta fari. Duk gidanmu ni kaɗai na yi nisa a boko, saboda haka da maganar kotu ta taso ba wanda ya tsaya shawarar wa zai riƙe bik, wato alƙalamin rubutu. Ni ma ban tsaya ba. Har daɗi na ji.

Gonar da aka yi rigimar a kanta tana gabas da garinmu. Jigawa ce mai gawo da yawa, kakanmu ne ya sare dajin da hannunsa. Tun ban yi wayo ba Baba ya ba wani amininsa aronta. Mutumin ya yi shekaru a kudu yana fatauci, abin ya karye masa, ya dawo gida da mata da ƴaƴa uku, ba shi da ko inda zai jefa iri. Baba ya kai shi gonar gabas, gaban limamin wancan zamani da maƙerin garinmu, ya ce ya noma ya ci da iyalinsa har ranar da Allah ya buɗa masa, ko ranar da ƴaƴan Baba suka tasa suka buƙaci wurin. Kowace kaka aminin nan yakan ɗauko damin hatsi ɗaya a kansa, ba a amalanke ba, ya ratso tsakiyar gari da shi ya ajiye a ƙofar gidanmu. Ba yunwa muke ji ba. Damin shaida ne cewa ƙasar da mai ita.

Aminin ya rasu. Babban ɗansa, wanda muka yi wasan ƙasa tare da shi, ya kawo dami shekara biyu. A ta uku ya aiko da gaisuwa kawai, a ta huɗu ko gaisuwar babu. A wannan tsakanin ƙannena maza biyu sun yi aure, gandunmu ya yi mana kaɗan. Baba ya aika a gaya wa ɗan aminin nasa in ya kwashe amfanin bana, yana son gonarsa. Ɗan aiken ya dawo yana sosa ƙeya. Wai a gaishe da Baba, amma shi bai san wata gonar aro ba, gonar ubansa ya sani.

Baba bai yi faɗa ba. Ya jira aka gama kaka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau kabu-kabu zuwa garin da kotunmu take. Shi a zatonsa zai shiga ya yi sallama, ya zauna ya faɗi yadda abin ya faro, a kira wancan shi ma ya faɗi nasa. Tun hantsi yake kan benci har aka yi azahar kafin a shigar da shi wurin magatakarda, mai karɓar ƙararraki. Daga baya ya ba ni labari cewa bai ko kai ga dawowar amininsa daga kudu ba mutumin ya ɗaga masa hannu.

"Tsoho, ina takardar sarki?"

"Wace takarda, ranka ya daɗe?"

"Ta rashin sulhu. Rigimar gona ba ta shigowa nan sai masu sarauta sun gwada sasanta ku sun kasa, sun kuma rubuta cewa sun kasa. Ka tafi ka kawo."

Maigarinmu ba mugu ba ne. Ba ya dai son a rubuta a takarda cewa wani abu ya gagare shi. Sau huɗu ya zaunar da su a ƙofar gidansa, kowane zama ya ƙare da cewa kowa ya je ya yi tunani, ai duk ɗaya ake. A zama na biyu aka riƙo hannun maƙerin nan aka kawo shi, don liman ya daɗe da rasuwa. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma hankalinsa garau. Ina bayan dangar gidan tare da mata, na ji shi da kunnena.

"Ni ina wurin," ya ce. "Aro ne. Har na ce ma wanga bawan Allah, gona mai gawo haka ake badawa aro? Ya ce mini amininai ne. Liman ya shafa fatiha bisa aro, ba bisa kyauta ba. In an ce in rantse, a kawo Alƙur'ani."

Ɗan aminin Baba ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Ba wanda ya rubuta maganar maƙerin. Ni da ke da kaye na rubutu da bik a cikin jaka, ban rubuta ba, don ban san za a zo ranar da za a neme ta ba. Daga wurin maigari aka wuce fadar sarki, can ma aka yi ta je-ka-dawo. Sai da bazara ta kama sannan takardar ta fito. Layi uku ne a cikinta: an zaunar da wane da wane a kan gona, ba su daidaita ba. Ga hatimi a ƙasa.

Da aka ba mu hutun lakol na tafi gida na zauna da Baba a zaure kwana uku, daga safe har la'asar. Yana faɗa da Hausa, ina juyawa Faransanci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

"Uwata, kin sa cewa da ƙafa ya iso, takalminai a hannu?"

"Na sa, Baba."

"Kin sa ni na ba shi irin shekarar farko?"

Na sa. Shafi biyar na cika. Na karanta masa tun daga farko har ƙarshe ina mayarwa da Hausa, yana gyaɗa kai, wani wurin ya tsayar da ni ya gyara. Da na gama ya karɓi takardun ya juya su a hannunsa, duk da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya, ya ce lallai wahalar da aka sha kan lakol ɗina ba ta faɗi ƙasa ba.

Tare muka je wannan karon. Buron magatakarda, wato ofishinsa, ɗan ƙarami ne, dosiye na takardun ƙararraki a tule har kan taga, an ɗaɗɗaure su da tsumman atamfa. Shi kansa ba tsoho ba ne, siriri, da alamar gajiya a fuska. Ya karɓi shafukana biyar ya auna su a tafin hannu kamar mai sayen gyaɗa, ya duba na farko, ya tsallaka na ƙarshe.

"Madan, ke kika rubuta wannan?"

Na ce ni ce, ina koyarwa a Cadawa.

"Da gani. Rubutu mai kyau. Amma tatsuniya kika rubuta, ba ƙara ba."

Wasu mutum biyu da ke tsaye bakin ƙofa suka yi dariya. Magatakarda ya jawo wata takarda ya fara lissafa mini abin da babu. Wanda ake ƙara, da sunan da gari ke kiransa na rubuta shi, alhali ana son sunansa na yanka yadda yake a katinsa, da na ubansa, da sana'arsa, da inda yake zaune. Gonar kuma ba a cewa tana gabas da gari kawai, sai an faɗi wa take iyaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa. Sannan ya juya wurin Baba ya koma Hausa.

"Tsoho, mi kake son alƙali ya yi maka?"

"Ya ji gaskiya, ranka ya daɗe."

"Ba a neman wannan a takarda. Sai ka ce a tabbatar gonar taka ce, a umarce shi ya fita. Abin da ba ka nema ba, alƙali ba ya ba ka shi. To, gonar ma ta wa ce tun asali?"

"Ta ubana."

"Kai kaɗai ya haifa?"

Baba ya ce su uku ne. Magatakarda ya ajiye bik. Ya ce in haka ne Baba ba shi da bakin yin ƙara shi kaɗai, sai dangi sun zauna sun wakilta shi a rubuce, kowa ya sa hannu.

A hanyar komawa muka sauka bakin kwalta ni da Baba. Nan ya ce, "Shekara arba'in ni ke biyan bukatun gidan nan, yau an ce ba ni da baki."

Goggona tana aure a Gidan Sori, ita ba ta ba da wahala ba. Ta dangwala yatsa tana kuka, tana tsine wa ɗan aminin. Matsalar Baffa ce, ƙanen Baba. Sun ɓata tun ina ƴar lakol, ya kwashe iyalinsa ya ƙetare iyaka ya zauna wani ƙauye a can kudu, ko sallah ba ya aiko da gaisuwa. Baba ya yi sati yana juya abin a ransa, sannan ya sayar da tunkiya ya tafi. Kwana biyu Baffa ya bar shi a zaure yana cewa zai duba. A na uku ya dangwala, ya goge yatsansa a bango, ya ce, "In an ci, a tuna da rabona." Baba da kansa ya ba ni wannan labarin, yana faɗa yana kallon ƙasa.

Sunan wanda muke ƙara kuwa, sai da na bi ta wurin wata ƙawata da ta yi aikin rajistar zaɓe sannan na samo shi. Maƙwabtan gonar ma aiki ne. Na arewa ya mutu, ƴaƴansa huɗu sun tsattsaga tasu, kowa ya dasa gamba a iyakarsa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin in haɗa wannan duka ruwa ya sauka. Muna gani ɗan aminin ya fita da iyalinsa suka shuka gonar gabas, ƙannena suna tsaye daga nesa.

Na sake rubutawa, shafi uku. Na karanta wa Baba ranar Lahadi ya amince. Litinin muka kai. Izinin rabin yini kawai shugaban lakol ya ba ni, don ana jiran mai duba malamai a wannan satin, kuma ajina za a shiga. Magatakarda ya duba takardar sarki, ya duba ta dangi, ya duba tambur ɗin kuɗin ƙara da muka manna, ya ce yanzu kam kaya sun cika. Sai ya ɗaga shafukana uku.

"Madan, ki ji shawara. Kin ga tulin can? Duk mutum ɗaya ke karanta su. Ki mayar da wannan shafi ɗaya. Mi ya faru, yaushe, mi kuke nema. Wannan zancen dami a ka da takalmi a hannu, ku bar shi sai ranar zama, tsoho ya faɗa da bakinsa."

Ya yi ɗan murmushi da ya ce dami a ka. Wannan murmushin ne ya shige ni.

Baba ya tafi masallaci sallar azahar. Na zauna kan benci ƙarƙashin iccen bedin da ke harabar, ɗiyata a baya tana ƙananan kuka, na ɗora takarda a kan jakata na fara kwafa ina ragewa. Na cire dawowar aminin daga kudu. Na cire irin shekarar farko. Na zo kan layi biyu, ɗaya yana cewa an ba shi ne ya noma ya ci har ranar da mai ita zai buƙata, ɗayan yana maganar damin kowace kaka. Na tsaya a kansu. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa sauri ne ya sa na tsallake su. Akwai sauri, amma ba shi kaɗai ba ne. Kunya na ji. Ba na son in sake miƙa wa mutumin nan takarda ya ga ƙauyanci a ciki. Na ce a raina ai Baba zai faɗa da baki. Ban lura ba cewa a duk takardar, cikin layukan nan biyu kaɗai maganar aro take. Abin da ya rage shi ne: a shekara kaza mai ƙara ya ba amininsa gonar.

Baba ya dawo yana jan carbi. Motar Cadawa ta kusa cika, ina jin mai lodi yana kira daga tasha.

"Baba, kawo yatsa."

"Ba ki karanta mini ba, Uwata?"

"Ita ce dai ta jiya, rage ta kawai na yi."

Ya miƙo babban yatsansa. Na kama na danna a tawada, na danna a takarda. Magatakarda ya karɓa, ya buga hatimi, ya rubuta lamba a kan wata ƴar takarda ya ba mu, ya ce, "Kin gani? Haka ake yi." Na fita da sauri ina jin na iya.

Ranar zama ta farko muka ɗauko maƙeri a amalanke har bakin kwalta, daga nan muka sa shi a mota. Ya yini kan benci da sandarsa tsakanin ƙafafu. Da la'asar aka ce alƙali ya tafi taro, an ɗage. Zama na biyu muka sake ɗauko shi, aka ce sammaci bai isa hannun wanda ake ƙara ba, ko da yake da safen nan mun wuce shi a tasha yana shan shayi. A hanyar dawowa tsohon ya yi ta amai a mota. Da muka sauke shi ƙofar gidansa ya riƙe hannun Baba ya ce, "Su yi sauri dai." Ana yankan hatsi maƙerin ya rasu. Zama na uku ya faɗo bayansa da sati biyar.

Ɗakin shari'ar ya cika, don ba mu kaɗai ba ne a ranar. Alƙalin matashi ne, ban jin ya girme ni. Dattawa biyu masana al'ada suna zaune gefensa, ga tafinta a tsaye. Aka kira Baba, aka kira ɗan amininsa. Baba ya yi bayani yadda ya iya, ana tsayar da shi ana cewa ya taƙaita. Ya ce aro ne. Ya faɗi liman, ya faɗi maƙeri. Alƙali ya tambaya ina suke, ya ce duk sun riga mu gidan gaskiya.

Da aka juya kan ɗan aminin, ya rusuna ya gaida Baba tukuna, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni yaro ne, ba ni jayayya da Baba. Ba ni da ta cewa da ta wuce abin da shi da kansa ya rubuta. A karanta takardarsa."

An ba shi kwafi tare da sammaci, kuma da gani ya kai wa wanda ya san aiki ya duba masa. Alƙali ya miƙa wa tafinta takardar. Tafinta ya karanta yana mayarwa da Hausa da ƙarfi, har ya zo inda aka ce mai ƙara ya ba amininsa gonar. Ɗaya daga cikin dattawan ya ɗaga kai.

"Ya ba shi, ko ya ara mai?"

Tafinta ya sake dubawa. "Kalmar da ke nan bayarwa ce. Babu aro."

Sai a lokacin na gane abin da na yi.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai dami. Shekara da shekaru ana kawo mini dami, gari duk ya sani." Maƙwabta biyu da muka zo da su aka kira. Na farko ya ce ya sha ganin marigayi da dami a ka, amma tsakaninsa da Allah bai san ko na gona ne ko na zumunci ba, tun da aminai ne. Na biyu ya ce abin da na farko ya faɗa shi ne. Dukansu suna da ƴaƴa da ke aure a dangin ɗan aminin, ban kuma ce ƙarya suka yi ba.

Alƙali ya juya takardar gaba da baya. Ya ce magana mai nauyi kamar wannan, me ya hana a sa ta a cikin ƙara? Sannan ya tambaya wa ya rubuta. Na miƙe. Duk ɗakin ya juyo. Wani daga baya ya ce, "Madan ce, ɗiyarsa." Alƙali ya dube ni, ya mayar da ido kan Baba, ya yi magana a hankali, tafinta ya juya.

"Tsoho, alƙali na tambaya. Kafin ka sa yatsa a wannan takarda, an karanta maka ita da Hausa? Ka yi tunani kafin ka amsa. In ba a karanta maka ba, ka faɗa."

Ni dai na ga kamar ƙofa ce alƙalin ya buɗe masa. Ina tsaye bayan Baba, ina ganin ƙeyarsa da zufa na gangarowa daga ƙarƙashin hula. Bai waiwayo ba. Tafinta ya buɗe baki zai maimaita, Baba ya riga shi.

"An karanta mini, ranka ya daɗe."

"Ka yarda da abin da ke ciki?"

"Abin da ɗiyata ta rubuta, ni na ce ta rubuta."

Ina da baki. Ina jin Faransanci, ba na bukatar tafinta. Kalmomi kaɗan sun isa in ce ban karanta masa ba, laifina ne. Na tsaya ina kallon mutanen da ke kallona, akwai iyayen ɗalibaina biyu a cikinsu, har alƙali ya ce in zauna. Na zauna.

Bayan sati biyu aka yanke hukunci. Mai ƙara bai kawo hujjar aro ba, kuma takardarsa da kanta bayarwa ta ce. Gona ta zauna a hannun wanda take hannunsa. Magatakarda ya gaya mini muna da ƴan kwanaki ƙidayayyu in muna son ɗaukaka ƙara, in sun wuce shi ke nan. Ya faɗa yana ɗaure wata dosiye, bai ɗago ba. Ban jin ya tuna shi ya ce in rage.

Asabar na tafi gida. Na iske Baba a bayan gida da hantsi yana gyaran jinkar rumbu. Na durƙusa na ce mu ɗaukaka ƙara, zan tsaya gaban kowa in faɗi abin da ya faru a ƙarƙashin bedin nan. Ya ci gaba da ɗaurin igiya.

"Baba, don mi ka ce na karanta maka?"

"In tsaya gaban mutane in ce ɗiyata ta sa ni dangwala abin da ban sani ba? Gobe ki shiga aji da wace fuska?"

"Fuskata ba ta kai gona ba, Baba."

"Ke kika ce."

Na yi ta roƙonsa ina kuka. Ya sauko daga kan tsani, ya zauna kan turmi, ya ce in saurara. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ƙarya gaban hukuma ba sai ranar nan, kuma da furfurarsa ya yi ta. In aka ɗaukaka ƙara, takardar nan za a sake ɗaukowa, a sake yi masa tambayar nan. Ko ya maimaita ƙaryar, ko ya ce wa wani alƙalin shi maƙaryaci ne. Ba ya yin ko ɗaya.

"A bar ta, Uwata. Tashi ki ba ɗiyarki nono, tana kuka."

Kwanakin suka wuce ina ƙirga su a aji. Ba mu ɗaukaka ba.

Baba bai taɓa gaya wa kowa ba, har innarmu. Ƙannena sun ɗauka alƙali aka saya, suka yi ta faɗa a gari, na bar su a haka shekara uku. Ƙaramin ya ga gandun ba zai riƙe gida biyu ba, ya bar matarsa ya tafi arewa haƙar zinariya, sai ya yi shekara ba mu ji muryarsa ba. Babban, ranar da na gaya masa gaskiya, bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "To, Madan," ya tashi ya fita. Tun daga ranar bai sake ce mini Yaya ba. Baffa kuwa ya aiko daga kudu a tambaya ko an sayar da gonar ne a ɓoye aka ce masa an faɗi shari'a.

Baba bai canza mini fuska ba. In na zo gida yakan sa a kama mini kaza, ya ɗauki jikarsa ya ɗora a cinya. Abu ɗaya na lura da shi. In takarda ta zo masa, ta likita ko ta haraji, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kai wa wani malamin lakol ɗin garinmu, baƙo daga Sae Sabuwa, ya karanta masa. Ko ina zaune a gidan haka yake yi. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa bayani ba.

Shekaru bayan haka, a wurin wani suna, na zauna kusa da mijin wata abokiyar aikina wanda ya yi aiki a kotu har ya yi ritaya. Na ba shi labarin kamar na wata ce. Ya ce shi bai san wata doka da ta ce ƙara sai shafi ɗaya ba, ko shafi goma ne dole a karɓa in sharuɗɗa sun cika. Ya ce a irin wannan shari'ar ma, a saninsa, tsohon yana iya zuwa ya faɗi ƙararsa da baki a rubuta masa. Ya tambaya wace ce matar. Na ce ba ya saninta. Aka kawo tuwo na kasa ci.

Baba ya rasu da rani, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ran kwana uku ɗan aminin ya zo gaisuwa. Ya yi ƙiba, yana da babur sabo. Ƙanena ya miƙe zai kore shi, dattawa suka riƙe shi suka ce ba a korar mai ta'aziyya. Ya zauna da maza aka yi addu'a, sannan ya nemi izinin shigowa cikin gida ya gaida mata. Ya durƙusa bakin tabarma ya gaida innarmu, ya juyo wurina.

"Madan, sai haƙuri. Allah ya jiƙan Baba. Duk abin da ya shiga tsakaninmu, ni shaida ne mutumin kirki ne. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba."

Matan da ke wurin suka ce haka ne, wallahi haka ne. Na ce amin. Aka miƙo masa ruwa a kwanon sha, ya sha, ya yi godiya ya fita.